Kira Ga Samari Masu Durƙusar Da Mota Don Ado

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in faɗi albarkacin bakina a kan wata ɗabi'a da ta shigo wa samarinmu a nan Kano, musamman a Fagge inda nake zaune da Sabon Gari inda nake neman abinci. Ni ba direba ba ne, ba kuma bakanike ba. Manomi ne ni, gonata tana wani ƙauye a ƙasar Minjibir, in an gama aikin gona kuma ina da ɗan tebur a bakin kasuwar Sabon Gari ina auna gero da wake. Karatuna na boko a firamare ya tsaya, saboda haka masana su yi mini afuwa. Amma abin da idona ya gani, aljihuna kuma ya taya biya, ina ganin ina da ikon yin magana a kansa.

Ɗabi'ar kuwa ita ce, yaro zai yi shekara da shekaru yana tara kuɗi a Kantin Kwari ko Singa ko Wapa, Allah Ya hore masa ya sayi mota 'yar kwatano, irin ƙananan jif ɗin nan da ake yayi, su Venza da RAV4 da CR-V da Lexus RX. Kafin ma 'yan uwa su gama zuwa sa albarka, sai ka ji ya kai ta gareji an yanke mata sifirin, wai don ta zauna. A cire wilin da ta zo da shi a sa wani ƙato mai ƙyalli, a ɗora masa wata siririyar taya kamar an naɗa wa faranti roba. Sai ka ga mota ta durƙusa kamar raƙumin da za a yi wa lodi, cikinta yana neman shafar ƙasa. In ka tambayi mai ita dalili, ya ce ai ta fi kyau haka, kuma ta fi kama hanya.

Maganar kyau ba zan yi gardama da kowa ba, kowa da idonsa. Maganar kama hanya ce ta sa na ɗauki biro.

Malam Edita, abin a gidanmu ya faru. Ɗan yayata yana tsaron shago a Kwari. Yaro ne mai hankali da biyayya, ba ya shaye-shaye, yana duba mahaifiyarsa. A farkon 2024 ya sayi Venza. Ranar da ya kawo ta ƙofar gida duk dangi mun yi murna, don a zuriyarmu shi ne na farko da ya mallaki motar da za ta iya shiga ƙauyenmu da damina. Tsohuwarmu tana can ƙauye, ta ƙi dawowa birni, kuma tana fama da hawan jini. Har na ce a raina to, Alhamdu lillahi, yanzu ko cikin dare abu ya taso muna da abin ɗauko ta. Bayan mako uku ya zo gaishe ni a kasuwa, na kalli motar na ga kamar an canja ta. Na ce yaro, taya ce ta sace? Ya yi dariya ya ce, "Kawu ke nan, ai sauke ta na yi. Haka ake yi yanzu." Na ce nawa ka biya aka rage maka abin da ka saya? Ya ce ni ba zan gane ba.

Gaskiyarsa, a lokacin ban gane ba. Shi ya sa na tafi wurin wani dattijon bakanike da muke salla masallaci ɗaya, mutumin da ya fara aiki tun zamanin Fijo 404, na ce ya yi mini bayani yadda manomi zai fahimta. Abin da zan faɗa nan gaba yawancinsa daga bakinsa na ji, sauran kuma hanya ce ta koya mini.

Ya ce irin wannan mota ba jif ce sosai ba kamar Land Cruiser, ba kuma ƙaramar mota ba ce. Tsaka-tsaki ce. Kamfanonin Japan ne suka fara yaɗa ta, Toyota ya fito da RAV4 a 1994, Honda ya biyo da CR-V a 1995. Ita Venza ta fito a 2008, kuma a kan ƙashin Camry aka gina ta. Abin da ya raba ta da Camry a wajen mai bin hanyar ƙauye shi ne tsayin cikinta daga ƙasa. Venza tana da inci 8, wato kamar taƙi guda na babban mutum, Camry kuwa tsakanin inci 5 ne zuwa 6. To ka ga inci biyu zuwa uku ke tsakaninsu. Su ne mutum ya biya ƙarin kuɗi a kansu lokacin saye. Su ne kuma ya sake biyan wani ya yanke ya jefar a bola. Ya koma yana da Camry a farashin jif, kuma Camry ɗin ma wadda aka karya wa ƙafa.

Sannan ya nuna mini ƙafar wata mota da aka kwance. Ya ce sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shi kuma shoka aikinsa ya hana ta yin ta tsalle bayan ta faɗa rami. Masu ƙera motar sun auna su biyun tare, wannan daidai da wancan, yadda taya za ta sami wurin hawa da sauka. In ka yanke zagaye ɗaya ko biyu na sifirin, ya gajarta kuma ya ƙara tauri, shi kuwa shoka yana nan da tsawonsa, sai ya zama kullum a danne yake kusa da ƙarshensa. Ko ƙaramin rami aka faɗa sai ya kai ƙarshe ya buga, ka ji ƙum a ƙashin bayanka. A wannan lokacin taya takan ɗaga daga ƙasa na ɗan ƙiftawar ido. Ya ce da ni, "Malam, tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. To ina kama hanyar?"

Wasu ma ba yankewa suke yi ba, wutar walda suke sa wa sifirin har ya yi ja ya lanƙwashe da kansa. Wannan kam ko ni ba sai an yi mini bayani ba. Duk wanda ya taɓa kai fartanya ko gatari maƙera ya san ƙarfe yana da ruwan da ake ba shi. In ka sake mai da shi wuta ba bisa ƙa'ida ba, ko dai ya yi laushi ya riƙa lanƙwasa ko ya yi gautsi ya karye. Fartanya in ta karye a gona sai ka zauna a inuwa ka huta. Sifirin in ya karye kana gudu a hanyar Katsina da iyali a ciki fa? Ga shi kuma da ido ake yankan nan, ba ma'auni. Sai ka ga ɓangaren direba ya fi na fasinja sauka, mota tana tafiya a karkace kamar jakin da aka yi wa lodi gefe guda.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani sai daga baya. In mota ta sauka, tayoyin sukan kwanta, samansu ya karkata ciki. Sai taya ta riƙa cinyewa ta gefen ciki inda mai mota ba ya dubawa, waje yana nan sabo fil, ciki kuwa har waya ta fito. Shaf da bol joyin da robobin ƙafa duk suna aiki a karkace, su mutu kafin lokacinsu. Ita kuma siririyar tayar nan ba ta da naman da zai shanye duka, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa wili ko ya fito wa taya da ƙulu a gefe. Ku tambayi masu faci na bakin titi, su ne suka san ribar wannan yayi. Tun kuwa da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, naira ta faɗi, kowa ya san yadda kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabi a Ƙofar Ruwa da shagunan Sabon Gari.

Yanzu bari in yi wa samarin adalci, don ban rubuto in ci zarafin kowa ba. Da na koma wa yaron da waɗannan maganganu, ya ce, "Kawu, mota mai tsawo ta fi saurin kifewa a kwana, ko ba haka ba?" Na ce haka ne. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya taɓa yi wa amalanke lodin dawa ya san in kaya suka yi sama da yawa kwana kaɗan sai ta juye. Nauyi in ya yi ƙasa abin hawa ya fi zama daram, bai cika rangaji ba. Shi ya sa motocin tsere na Turai suke manne da ƙasa. Shi kansa dattijon bakaniken bai musa ba. Ya ce akwai kamfanonin da ke ƙera gajeren sifirin na musamman tare da shokan da ya dace da shi, a ɗaura su tare, a sake alaimen, a sauke motar inci ɗaya ko ɗaya da rabi. In an yi haka, a kan shimfiɗaɗɗen titi mai santsi, lallai za ta fi daɗin kwana. Amma kuɗin wannan aiki ba kaɗan ba ne, kuma ba shi ake yi a lungunanmu ba. Abin da ake yi a nan zarto ne da wutar walda.

Yaron ya nuna mini hotunan motocin Amurka a wayarsa don ya kafa mini hujja, amma da muka bi labarin sai hujjar ta dawo wajena. A jihar Kalifoniya, inda 'yan asalin Meziko mazauna Los Anjalis suka shahara da wannan ado tun shekarun 1940, hukuma ta yi doka a 1958 ta hana a sauke mota har wani sashe na jikinta ya yi ƙasa da bakin wili, kuma dokar ba a janye ta ba sai a farkon 2024. Su masu abin da kansu sai da suka ƙirƙiro wani famfo da ke ɗaga motar sama in buƙata ta taso, ya kuma mai da ita ƙasa in za a yi nuni. A Jamus kuwa in ka canja sifirin mota sai kayan sun zama waɗanda masu duba lafiyar mota suka amince da su. To waɗannan fa mutane ne masu titi kamar tabarma. Mu mun ɗauko adon mun bar famfon, mun bar ma'aunin, mun bar titin.

Don Allah jama'a a dubi inda muke tuƙi. Wanda ya san cikin Sabon Gari ya san yadda wasu layukan ke komawa in an yi ruwan Agusta, rami ya ɓuya a ƙarƙashin ruwa ba ka san zurfinsa ba sai ka faɗa. A Fagge kowa yana tune da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata dukiya mai yawa. Mota in ta yi ƙasa, hancin da inji ke shaƙar iska ma ya yi ƙasa, in kuwa inji ya sha ruwa sai dai a yi maganar wani. Ga kunyoyin da mutanen unguwa ke ginawa a kan titi don hana gudu, kowane layi da irin tasa, wata ma ta fi kunyar rogo tsawo. Na sha tsayawa ina kallon saurayi ya zo zai haye irin wannan kunya, ya karkace mota ya bi ta a gicciye, taya ɗaya bayan ɗaya, 'yan adaidaita sahu sun yi layi a bayansa suna ta ham. Wani har sai abokansa sun fito sun tsaya a gefe an rage nauyi. Motar miliyoyi, amma mai kura ya riga ta wucewa.

Mu da muka tashi a zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna, a kamfanin da aka buɗe a 1975, mun san abin da ya sa direbobin ƙauye suka ƙaunace ta. Ba kyan fuska ba ne. Ƙafa ce da ita mai dogon numfashi, ta faɗa rami ta fito ba ka ji ba. Ita ce ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, a kan hanyar laka da duwatsu irin tamu.

To ga abin da ya same mu. A watan Agusta na 2024, wata ranar Laraba da la'asar, aka yi mini waya daga ƙauye cewa tsohuwarmu ta yanke jiki ta faɗi, bakinta ya karkace. Na bar tebur a hannun maƙwabci na kira yaron, nan da nan ya zo, Allah Ya yi masa albarka. Kan kwalta ba mu sami matsala ba. Da muka sauka burji sai labari ya canja. Wanda ya san hanyar ƙauye da damina ya san yadda take: amalanke da manyan motoci sun haƙa sawu biyu, tsakiya ta yi tudu. Da zuwa mun lallaɓa mun isa, cikin motar yana ta gurzar ƙasa, yaron yana ta cije leɓe. Da dawowa kuwa mu biyar ne a ciki, ga tsohuwa a kwance a jikin ƙanwata, motar ta ƙara zama. Ba mu yi nisa ba muka ji wata ƙara a ƙasa. Dutse ne a cikin tudun nan ya fasa kaskon da baƙin mai ke taruwa a ƙarƙashin inji. Jar fitila ta kama a gaban direba. Ya kashe mota muka fito, ga mai yana bin ƙasa, ga magariba ta yi, ga hadari ya haɗo a gabas.

Amalanken shanu ce ta kai tsohuwarmu bakin kwalta, an lulluɓe ta da leda da zane. Daga nan wata tsohuwar Golf ta 'yan kasuwa ta kawo mu Asibitin Murtala bayan sallar isha'i. Allah Ya yi da sauran kwana, ta tashi, amma har yau hannunta na hagu bai dawo daidai ba. Ba zan ce motar ce ta jawo ba, ciwo da lafiya na Allah ne. Sai dai likita ya tambaye mu ƙarfe nawa abin ya same ta, da muka faɗa ya girgiza kai ya ce irin wannan ciwo ba ya son jinkiri. Yaron yana tsaye a bayana lokacin. Ban juya na dube shi ba, don na san abin da ke ransa ya ishe shi. Garin gyaran gira ne aka tashi rasa ido.

Amma laifi tudu ne, kada in taka namu in hango na yara. Mu 'yan kasuwa da direbobin ƙauye muna yin irin wannan ɓarna, ta ɗaya gefen. Ita wannan Golf da ta cece mu an cusa mata robobi a sifirin an ɗaga bayanta sama don ta ɗauki buhunan da ba a yi ta dominsu ba. A ƙara wa akori-kura ganyen sifirin, a yi mata lodi daga Dawanau har ya fi ta tsawo, mutane su hau kan kayan. Ni kaina na sha roƙon direba ya ƙara mini buhu ɗaya a kan but. Birkin motar kuwa ba wanda ya ƙara masa ƙarfi. Yaro ya taɓa ƙafar mota don a gan shi, mu mun taɓa don riba, duka biyun an fita daga ma'aunin da maƙerin motar ya yi.

Saboda haka ina kira ga samarinmu, wanda yake jin motarsa tana rangaji a kwana, ya fara duba shokansa, don yawancin 'yan kwatanon nan da gajiyayyen shoka suke zuwa. Ya sa taya mai kyau daidai girman da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ya riƙa auna iska, ya yi alaimen, ya kuma ɗaga ƙafa daga totur kafin ya shiga kwana. Wanda kuwa ransa ke son mota mai zama ƙasa, ai ga su nan birjik a kasuwa an ƙera su a haka, kuma sun fi araha. Ya sayi Camry ko Accord ya huta, ya bar jif ɗin ga mai uwa a ƙauye.

Kanikawa kuma ku ji tsoron Allah. Na san mai mota shi ke kawo kansa, kuma kowa abinci yake nema. Amma kun fi shi sanin abin da zai biyo baya. Ko ba za ku ƙi aikin ba, ku gaya masa gaskiya kafin ku ɗauki zarto. Shugabannin ƙungiyoyinku su zauna a kan maganar sa wa sifirin wuta, don wannan kam ran mutane ne. Haka nan ina roƙon Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988 domin irin wannan aiki, da 'yan KAROTA da masu duba lafiyar motoci, su sa wannan batu cikin wayar da kan da suke yi a gidajen rediyo da tashoshin mota. Ba kame nake nema a yi ba, yaran nan yawancinsu ba wanda ya taɓa yi musu bayani. Masu sayen mota hannu na biyu a cikin gari su ma su riƙa durƙusawa suna leƙa ƙafarta, don wanda ya yanke sifirin ba zai faɗa ba ranar sayarwa.

Shi ɗan yayata sai da aka jawo motar da igiya washegari. Allah Ya taimake shi ya kashe injin da wuri bai buga ba. Ya sayi kasko, ya sayi sifirin huɗu da shoka huɗu na kwatano, ni ma na sayar da buhun wake biyu na ƙara masa. Manyan wilin nan masu ƙyalli suna nan jingine a zauren gidansu, ya sa su a kasuwa har yanzu ba a yi tayin da ya kai rabin kuɗinsa ba. Ranar Juma'ar da ta wuce shi ya kai tsohuwarmu gashin hannu ya mai da ita ƙauye.



Daga mai karatunku a kullum,
Fagge, Kano.